Inda Mintocinki Suka Ɓuya, Saratu

Gonin Gora, Kaduna
Ranar Alhamis

Saratu 'yata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina roƙonsa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, babu abin da ya fashe a kayanki, kuma kin sami ɗaki mai tsabta da maƙwabta masu mutunci. Na sa ta cikin tawul ɗin da na naɗe burushinki, domin na san shi za ki fara nema kafin ki nemi ko takalmi.

Kin san ni da ke ba mu iya zama mu yi maganar aiki ba. Da na fara sai muryata ta hau, da ta hau sai ki sunkuyar da kai ki ce "to Mama", ni kuwa na san babu abin da ya shiga. Shi ya sa na ce wannan karon bari in rubuta, ki karanta a lokacin da kika ga dama, ki ajiye in kin gaji.

Matar da ta ɗauke ki aiki a Abuja ta ce wata ɗaya za ta gwada ki, kuma a shagonta ana gama hannu biyu na farcen akirilik cikin awa ɗaya da kwata. Ke kina cin awa biyu. Na ga fuskarki lokacin da kika ajiye waya, na kuma ga tuwon da kika bari a kwano ranar. Ina so ki sani cewa minti arba'in da biyar ɗin nan da ake nema a wurinki suna nan, za ki same su, kuma ba sai kin zama wata mutum dabam ba. Hanya ɗaya na sani ta nuna miki inda suke: in gaya miki inda ni na zubar da nawa, da inda na nemi sauri ta hanyar banza har na cuci mutum.

Ina da shekara ashirin da biyu na shiga wannan sana'a, ke kina goye a bayana. Lokacin Babanki yana aiki a wata masana'anta a Kudenda, muna zaune a ɗaki ɗaya kusa da gidajen ma'aikata. Anti Ladi, wadda kika sani da tsufanta, ita ke da shagon gyaran gashi da farce a layinmu, ita ce ta karɓe ni. Yawancin masu zuwa mata ne ma'aikatan kamfani. Ranar Asabar ake tashinsu da tsakar rana, kowacce tana so a gama mata ta wuce kasuwa kafin yamma. Suna zaune a benci suna kallon agogo suna kallona.

Ni a lokacin na ɗauka sauri shi ne hannu ya riƙa rawa. Ina ta fizge-fizge, gumi yana zuba, duk wanda ya leƙo zai rantse babu mai himma kamata. Amma Anti Ladi, wadda hannunta ke tafiya kamar ba ta damu ba, sai ta sallami mutum biyu ni ina kan ta farko. Abin ya riƙa ci mini rai har na fara zargin tana ba ni masu wahalar farce.

Wata Asabar ta ƙi karɓar kowa, ta ja kujera ta zauna a bayana da guntun alli. Ban san me take yi ba sai da na gama. Ashe duk lokacin da na miƙe, ko na ja durowa, ko na juya ina neman wani abu, sai ta ja layi a jikin bango. Da matar da nake yi wa ta fita, Anti Ladi ta kira ni ta nuna mini. Layi goma sha bakwai. Na tashi neman gam, na tashi neman almakashi, na tashi ɗebo auduga, na zazzage akwatin farcen roba ina neman lamba biyar, na je wanke burushin da ya kamata in wanke tun da safe. Ta ce mini, "Hannatu, hannunki ba shi da laifi. Ƙafarki ce take cinye miki rana."

To ga na farko. Kafin kwastoma ta zauna, komai ya riga ta zama. Ki jera kayanki bisa yadda za ki taɓa su, daga hagu zuwa dama: abin tura fata, fayil na gurza farce, burushin kakkaɓe ƙura, firaima mai sa akirilik ya kama, gam, sannan gwangwanin hoda da kofin likwid ɗin da ake kwaɓa ta da shi kusa da hannun da kike aiki da shi, takardar share burushi a ninke a ƙarƙashinsu. Kullum wuri ɗaya, har hannunki ya riƙa zuwa ba tare da idonki ya raka shi ba. In an ba ki tebur a sabon wurin, ki je da wuri ranar farko ki shirya shi yadda kika saba. Ko sauran ma'aikata sun yi dariya, ki bar su.

Akwai wani ɓata lokacin da na daɗe ban gane shi ba, saboda yana kama da kirki. Mace za ta zauna, in gama shirya mata farce, sannan in tambaye ta wace kala take so. Sai ta ɗauki waya ta fara duba hotuna da hannun da nake bukata, ta kira ƙawarta, ta ce ja, ta ce a'a ruwan hoda, ni ina zaune ina murmushi. Ki tambaya tun tana bakin ƙofa, ko tun ranar da ta kira ta kama layi. Tsawo, siffa, kala, a gama magana kafin ki taɓa ta. Sannan ki roƙe ta da ladabi ta ajiye waya a cinya. Hira kuwa ki yi, domin rabin matan nan hirar ce ta kawo su, amma ki koyi amsawa idonki yana kan farce. Ni da duk aka ba ni labari mai daɗi sai in ɗaga kai in saki baki, burushi yana bushewa a hannuna.

Kuskurena na uku, na fi shekara ina yin yatsa ɗaya-ɗaya. In ɗauki ƙaramin yatsa in tura fata, in goge, in manna roba, in yanke, in ɗora akirilik, in zauna ina jira ya bushe, in gyara, sai ya yi kyau in koma na gaba. Ina jin daɗin ganin ɗaya ya kammala. Amma kowane yatsa sai na ɗauki kaya bakwai na ajiye bakwai, sau goma. Anti Ladi ta tambaye ni ko in zan soya ƙosai, ɗaya nake jefawa a mai in tsaya sai ya soyu. Daga ranar na canza. Aiki ɗaya, yatsu goma, sannan na gaba. Ki tura fatar goma. Ki goge goma. Ki auna farcen roba na goma ki jera su a kan tawul bi da bi kafin ki buɗe gam. Lokacin da kika kai yatsa na ƙarshe da akirilik, na farko ya riga ya bushe yana jiranki. Ki ƙwanƙwasa shi da gindin burushi, in ya yi ƙara ƙwas, ya isa gogewa. Babu zaman jira ko na minti ɗaya. Na san kin san wannan, amma na lura in kin tsorata kina komawa ɗaya-ɗaya, kuma a makon farko za ki tsorata.

Yanzu maganar curi, wato ɗan dunƙulen da burushi ke ɗaukowa in kin tsoma shi a likwid kin taɓa hoda. Nan ne rabin mintocinki suke. Ni da jiƙaƙƙe nake ɗauka, saboda jiƙaƙƙe ya fi sauƙin shafawa, kuma ina tsoron ya daskare mini. Sai ya malale ya gangara cikin fata ta gefe da gefe, in bi shi ina tarewa, in ƙara wani a kai, farce ya fito da kauri kamar ɓawon kwakwa. Daga nan in kama fayil in yi ta gurza rabin awa, ina cire abin da ni da kaina na tara. Kafaɗata ta dama har yau tana tuna mini da shekarun nan.

Ki tsoma burushi, ki share gefe ɗaya a bakin kofi, ki ɗora bakinsa a hoda ki bar shi ya sha da kansa. In kin ɗago, ki dubi curin. In yana sheƙi yana neman ɗiga, ruwa ya yi yawa. In garin hoda yana nan a jikinsa fari, ya bushe da yawa. Wanda kike so shi ne mai santsi da ya tsaya da kansa kamar ƙullun alkaki. Ki ajiye shi a farce, ki share burushi, ki ƙirga uku a zuciyarki kafin ki taɓa shi. Wannan ƙirga ukun kamar ɓata lokaci ne, amma shi ke sa curin ya kwanta ya bi umarninki. Ki karkata yatsan ƙasa domin ya gangara wajen baki, ya bar fata. Ki bar ɗan siririn fili tsakaninsa da fata, kamar kaurin gashi. Sannan ki gama siffar da cikin burushi tun yana da laushi: gefe ya miƙe, tsakiya ta ɗan tashi, gindi ya kwanta. Abin da kika daidaita da burushi cikin numfashi biyu, in kika bar wa fayil sai ya ci miki minti biyar.

Kina yin curi uku a kowane farce, kuma suna fita da kyau. Kada ki yi tsalle zuwa ɗaya don kin ga wasu suna yi a waya. Ki sauko biyu tukuna. Na sa miki babban burushina a cikin tawul ɗin, wanda ba na barin kowa ya taɓa. Yana ɗaukar curi babba, zai ba ki tsoro kwana biyu, daga nan ba za ki so ƙaramin ba. Ki gwada shi a hannun roba kowace safiya kafin a buɗe shago, yatsa biyar kawai, da agogo a gabanki. Ki wanke shi da likwid, kada asiton ɗin da muke narkar da akirilik da shi ya taɓa gashinsa.

Ki kuma lura da yanayin ɗaki. Na sha kunya wata shekara da zafin bazara, curi yana daskarewa kafin in shimfiɗa shi, na ɗauka hodar ce ta lalace har na zubar da rabin gwangwani. Ashe zafi ne, ga fanka na hura tebur kai tsaye. Da zafi yana kamawa da wuri, sai ki rage girman curi ki kawar da kofin daga rana. Da damina ko a ɗaki mai sanyi yana jinkiri. Shagon da za ki akwai na'urar sanyaya ɗaki, don haka zai daɗe da laushi fiye da yadda kika saba a nan. Kada ki ce hannunki ne ya rikice. Ki rage ruwa kaɗan, ki ƙara ƙirgarki zuwa biyar.

Duk waɗannan kurakurai ne da suka ci lokacina kawai. Wanda zan faɗa miki yanzu ya ci naman mutum, kuma ban taɓa ba ki labarinsa duka ba. Kin san Hajiya Binta mai sayar da atamfa a Tudun Wada, wadda take kawo miki dubulan duk Salla. Kin san tana ƙaunarmu. Ba ki san abin da na yi mata ba.

Shekarar da na bar Anti Ladi na buɗe nawa shagon a nan bakin titi, kina aji biyu a firamare. An rage ma'aikata a kamfanin su Babanki, shagon nan ne abincinmu. Ga shi wata ta buɗe nata a tsallaken titi, tana sallamar mutane da wuri, ana ta yabonta. Na shiga kasuwa wata rana sai wani mai kaya ya nuna mini likwid a cikin galan marar suna, ya ce yana kamawa nan take, kuma in ya kama ko da guduma ba ya fita. Arha kuma kamar kyauta. Da na buɗe, warinsa ya bugi ƙwaƙwalwata, ba irin wanda na sani ba. Zuciyata ta gaya mini wani abu, na ƙi saurara. Na ɗura shi a tsohuwar kwalbar mai kyau don kada kowa ya gani. Wannan ɗurawar ita ce ta fi damuna har yau, domin ta nuna na san abin da nake yi.

Hajiya tun Kudenda take zuwa wurina, da na tashi ta biyo ni, mota biyu take hawa. Kin san matan Musulmi ba sa sa irin wannan farce sai a kwanakin da ba sa salla, domin ruwan alwala ba ya ratsa shi. Bikin ƙanwarta ya faɗo daidai waɗannan kwanaki, ta zo da murna na yi mata da sabon likwid ɗin. Na gama da wuri ƙwarai, har ta yaba.

Bayan kwana shida ta dawo wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ta ja ni gefe ta ce ta sami tsarki, tana so a cire ta koma gida ta yi wanka kafin azahar. Shago cike, mutum huɗu a benci. Na jiƙa mata a asiton kamar kullum. Mai kyau cikin minti ashirin yake narkewa ya zama kamar ƙullu. Wannan aka yi rabin awa, aka yi minti arba'in, yana nan kamar dutse. Tana duba agogo, na benci suna tsaki, ɗaya ta tashi ta tsallaka titi ina kallonta. Sai na yi abin da Anti Ladi ta hana ni tun makon farko. Na ɗauko zare na cusa ƙarƙashin gindin akirilik ɗin, na riƙa ja yana ɓallewa. Bakwai suka fita, kowanne da ɓawon farcenta a jikinsa. Tana cije leɓe. A na takwas, yatsan zobe na hannun dama, na fizga, sai ya taho da farcenta na ainihi har rabi.

Saratu, jini ya zuba a kan farin tawul. Na rasa abin yi, ina ta cewa sannu, sannu, ina danna auduga. Ta karɓi audugar da kanta ta riƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Maman Saratu, da kin ce mini ba zai fita kafin azahar ba, ai da na jira. Allah ya san uzurina. Ke ce ba ki tambaye ni ba."

Ta naɗe hannun da gefen mayafinta ta tafi, sauran biyun suna manne.

Kwana uku ban iya cin abinci sosai ba. Babanki ne ya ce zaman da nake yi ba zai warkar da yatsan ba, in tashi in je. Ban taɓa zuwa gidanta ba, kuma a shekarun nan mutanenmu ba su cika shiga Tudun Wada haka kawai ba, kowa yana ɗari-ɗari da kowa. Na sayi likwid mai kyau da asiton, na ɗauki galan ɗin nan a leda, na hau mota. Da tambaya na sami gidan. Ta fito da yatsa a naɗe, an wanke mata a kemis. Na durƙusa a tsakar gidanta na ajiye galan ɗin, na gaya mata gaskiya duka, har da ɗurawar da na yi a kwalba. Sai ta sa aka shimfiɗa mini tabarma aka kawo kunun gyaɗa. A nan na zauna awa biyu ina goge sauran biyun da fayil a hankali, kaɗan-kaɗan, har suka ƙare. Da zan tafi ta rako ni har bakin titi ta tsayar mini da mota da kanta.

Wata biyar farcen ya ɗauka kafin ya fito, kuma in kin duba da kyau har yau yana da ɗan tudu. Na ɗauka shi ke nan na rasa ta. Sai ga ta wata rana da 'yan'uwanta mata uku. Kafin ta zauna ta ce in miƙo kwalbar, ta buɗe ta shinshina, ta duba hatimin, sannan ta ce wa sauran su zauna, wannan matar in ta yi kuskure tana faɗa.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Akwai wuraren da ake rage lokaci, na lissafa miki su. Akwai kuma wurare uku da ba a taɓawa ko shago zai kama da wuta. Shirya farce kafin a ɗora komai: a tura fata, a cire matacciyar fatar da ke manne, a kashe sheƙin a hankali, a kakkaɓe, a sa firaima. In kika tsallake wannan, cikin mako zai ɗaga, ruwa ya shiga, farcen mutum ya yi kore. Na biyu, abin da ke cikin kwalba. In wari ya yi miki baƙo, ko ba ya narkewa a asiton, ki ajiye burushi ki yi magana, ko da mai shagon ce ta sayo. Na uku, cirewa. A rage kauri da fayil, a jiƙa, a jira. Ba zare, ba kati, ba haƙori. In lokaci ba zai isa ba, ki buɗe baki ki gaya wa mai hannun, ita ta zaɓa. Sau da yawa mutane sun fi mu haƙuri, mu ne muke yanke musu hukunci a zuci.

Injin gogewa ma haka. Zai rage miki minti goma, na yarda, kuma can za su ba ki. Amma a kan akirilik ake sa shi, ba a kan farcen Allah ba, kuma kada ki tsaya wuri ɗaya, ki riƙa yawo da shi. In kika ga mace ta ɗan janye yatsa, ta ji zafi ne tana jin nauyin faɗa. Kada kuma ki bar fayil ɗin hannu ya fita daga hannunki, domin ranar da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, shi ne zai fitar da ke kunya.

Galan ɗin nan bai tsaya kan Hajiya ba. Makonnin da na yi ina aiki da shi, ina share burushi a bayan hannuna, ina daidaita gashinsa da yatsu, ƙofa a rufe saboda ƙurar titi. Daga nan yatsuna suka fara ƙaiƙayi. Na koma mai kyau, amma jiki ya riga ya ƙi. Shekara da shekaru ina shafa mai ina ci gaba, ina cewa safar hannu tana rage mini sauri. Kin ga inda ta kai ni. Yau shekara uku ko murfin kwalbar na buɗe sai fatata ta tsage. Likita ya ce babu komawa. Ina da ido, ina da sani, hannun ne ya yi ritaya ya bar ni. Ki sa safar hannu ko da sauran ba sa sawa. Ki sa takunkumi in za ki goge. Ki rufe kofin likwid in kin gama, ki zubar da jiƙaƙƙiyar takarda a kwandon da ke da murfi. Ki miƙe tsakanin kwastoma da kwastoma ki juya wuya, ki sha ruwa. Hannun nan naki shekara talatin nake so ya yi miki aiki.

Saura kuskure ɗaya, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Tun da na daina aiki na koma tsayawa a kanki. Ina bayanki da agogo, ina cewa yi sauri, ina cewa ni a shekarunki da na gama. Ranar da na ce miki hawainiya a gaban matan coci uku, suka yi dariya, kika ci gaba da aiki hawaye yana ɗiga a kan takunkuminki, na gani. Na yi kamar ban gani ba. Na gaya wa kaina gyara ki nake yi. Gaskiyar ita ce haushin hannuna nake hucewa a kanki. Ina kallon ki kina riƙe da abin da aka ƙwace mini, sai ya fito ta bakina a matsayin faɗa. Anti Ladi ta zauna a bayana da alli ta yi shiru har na gama. Ni na tsaya a bayanki da baki. Kuma ƙarya nake yi, a shekarunki ban kai rabinki ba.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara uku ke nan kina riƙe da teburin nan, kuma ina duba hannun duk wadda ta dawo ciko, a cike mata inda farce ya tsiro, bayan mako uku. Ina kama yatsun kamar gaisawa nake, ina duba gindin. Ban taɓa samun naki ko ɗaya ya ɗaga ba. Ko ɗaya. Ni a mafi kyawun shekaruna ban yi haka ba. Abin da ya fi wuya a sana'ar nan kin riga kin same shi, saurin kuwa jera kaya ne da maimaitawa, zai zo cikin makonni. Ki yafe mini, 'yata. Ya kamata in faɗa da baki, na gwada jiya muna ninke kaya, sai na ji kaina ina tambayarki ko kin ɗauki cajar waya.

In kin isa, kada ki yi alkawarin abin da ba ki kai ba. Ki gaya wa matar gaskiya: yau awa biyu, ki ba ni mako uku ki gani, kuma ki duba hannun kwastomomina in sun dawo. Makon farko ki nemi awa ɗaya da minti arba'in da biyar kawai, daga shirin tebur da yin goma-goma za ki same shi. Mako na biyu curi biyu. Na uku ki rage fayil. Ina da tabbaci a raina za ki kai. In kuma wata ya cika ta ce ba ki yi mata ba, ki ɗauko jakarki ki dawo da kanki a sama, babu wanda zai tambaye ki komai a gidan nan. Abuja ba shago ɗaya ba ce, Kaduna ma ba ta ƙare ba.

Ki nemi coci kusa da inda kike tun Lahadin farko. Ki ci abinci kafin ki fara aiki, warin likwid ba ya shiri da yunwa. Ki gaida na gaba da ke a shagon ko da kin fi su iyawa, ki kuma kalli hannun wadda ta fi kowa sauri, ki tambaye ta, kada girman kai ya hana ki.

Na tambayi Babanki ko yana da saƙo in rubuta. Ya ce shi ba shi da abin faɗi, duk na faɗa. Amma tun shekaranjiya yake zaune da akwatinki a tsakar gida yana gyaran zif ɗin da babu abin da ya same shi, ya shafa masa kyandir, ya ja ya rufe, ya ja ya buɗe. Ɗazu na ce masa ai ya gyaru. Ya ce ya sani, bai ɗago kai ba.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki a kan hanyar nan, ya raba ki da mugun direba da mugun abokin tafiya. Ya sa albarka a yatsunki goma, ya ba ki tagomashi a idon waɗanda za ki yi wa aiki, ya sa duk hannun da aka miƙa miki ya koma gida lafiya. Ya dawo mana da ke muna raye muna ganinki. Amin.

Ki kira da zarar kin karanta, ko ba ki da abin cewa.

Ni ce mahaifiyarki,
Hannatu